Sai Na Leƙo Shi Daga Sama

Ku gyara zama ku ji wannan. Wani ne fa Allah ya hore masa mota. Ba ƙaramar mota ba, a-kori-kura irin ƙattin nan masu ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya, wadda in ta tsaya sai ta cinye rabin layi. Ba shi da gona, ba ya gini, ba ya fatauci. Daga gida sai ofis, daga ofis sai gida. Kaya mafi nauyi da motar ta taɓa ɗauka shi ne tukunyar gas. Amma gogan naka yana ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya.

Ana nan sai maƙwabcinsa ya sayi irinta sak. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne, maƙwabcin ya kai tasa an ɗan ɗaga ta. Ba wani ɗagawar a zo a gani ba, amma ta isa. Kullum da safe in sun haɗu a bakin layi, sai maƙwabcin ya sauke gilashi, ya sunkuyo da kai, ya ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya?"

Bawan Allah ne, ba ruwansa, gaisuwa kawai yake yi. Shi kuwa gogan dole sai ya ɗaga wuya kafin ya amsa. Wannan ɗaga wuyan ne ya tsaya masa a rai.

Ya dawo gida ya sami matarsa tana ninke kayan yara.

"Kin lura da yadda mutumin nan yake gaishe ni?"

"Da mutunci," in ji ta.

"Daga sama yake gaishe ni. Kamar mai leƙa rijiya."

"To ka daina amsawa mana, Baban yara."

"In daina amsawa, ya ce nisa ne ya hana ni jiyo shi?"

Ya fara da dabarar cikin gida. Ya ɗauko matashin kai biyu ya jibga a kujerar direba. Kansa ya dinga gogar rufi, ƙafarsa kuma ta daina kaiwa birki. Saura ƙiris ya shiga shagon mai aski da mota. Sai ya ce a'a, ba shi ne gajere ba, motar ce.

Ya faki ido maƙwabcin ya shiga gida, ya ɗauki sandar goge ɗaki, ya lallaɓa ya auna motar mutane daga ƙasa zuwa ƙofa. Ya yi alama da janbakin matarsa. Ya saɓa sandar a kafaɗa, sai shagon kayan mota.

"Sannu da zuwa, yallaɓai," in ji mai shago. "Me za a kawo?"

"Abin nan da ake sa wa mota ta yi sama."

Mai shago ya jawo kwalaye uku ya buɗe a kan kanta. Ya dafa na farko.

"Wannan inci biyu ne. Gaba kawai yake ɗagawa ya daidaita da baya. Wannan na tsakiya inci huɗu, da sifirin ɗinsa da shokozoba. Wannan babban kuwa inci shida ne, sai an canza taya. Na masu shiga daji da tsallake rafi ne. Kowanne da aikinsa. Wace irin hanya kake bi?"

"Kwalta."

"Duka?"

"Akwai wani ɗan rami kusa da ofis."

"Kaya fa? Kana lodi?"

"Tukunyar gas. In ta ƙare."

Mai shago ya sosa ƙeya. "To yallaɓai, me kake son tsallakewa?"

"Maƙwabcina."

Ya ɗora sandar a kan kanta, ya nuna janbakin. Mai shago ya duba, ya haɗiye dariyarsa, don ɗan kasuwa ba ya yi wa ciniki dariya.

"Nasa inci biyu ne. Ka ɗauki huɗu, ka wuce shi har da rara."

"In na sa huɗu, gobe ya je ya sa shida fa?"

"Sai ka haƙura."

"Ban zo nan sayen haƙuri ba. Akwai wanda ya fi shida?"

"Sai dai ka sayi tirela."

"Ba ni shidan. Da manyan tayoyin."

"Zan faɗa maka gaskiya, yallaɓai. Za ta ƙara shan mai."

"Ta sha."

"Za ta riƙa rangaji a kwana."

"Ba na sauri."

"Madam sai da matakala za ta hau."

"Tana da ƙafa. Ni dai in sauke gilashi, in leƙo shi daga sama, in ce an tashi lafiya. Ko sau ɗaya ne."

Mai shago ya ce to, a kawo motar bayan shago, makanikinsu zai ɗaura. Gogan ya girgiza kai. Ai maƙwabcin ta nan yake wucewa. In ya hango ana aiki, asiri ya tonu. A turo makanikin gida. A cikin garejinsa za a yi komai, ƙofa a rufe.

Haka kuwa aka yi. Makaniki ya zo da jak da sifana, aka shige gareji, aka ja ƙofa aka sa sakata. Zafi kamar gidan burodi. Makanikin na gumi yana kwance noti, gogan na tsaye a kansa yana cewa a rage ƙarar guduma. In makaniki ya yi tari, sai ya ce ya yi a hankali, bango ɗaya ne tsakaninsu da mutumin. Wuni guda ana abu ɗaya. Da yamma aka sauke jak, mota ta tsaya da ƙafafunta. Gogan ya ja da baya ya kalle ta. Madubin gefe ya wuce kansa. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Bai iya daurewa ba. Ya fita ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcin ƙofa.

"Gobe da safe kar ka fita sai na fito. Akwai wata gaisuwa da nake so in yi maka."

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Kai dai ka zauna a cikin motarka ka jira."

"To, Allah ya kai mu," in ji bawan Allah.

Gari na wayewa gogan ya ci ado, ya fesa turare. Ya sa aka kawo masa kujerar tsugunno daga kicin, ya taka ya hau. Matar ta buɗe ƙofar gareji. Ya tada mota, ya gyara hula, ya saki birki.

Ƙwaram.

Ya koma baya. Ya sake gwadawa a hankali, ko motar ce ba ta gane hanya ba. Ƙwaram.

Garejin dai rufinsa na da tsawo daga ciki. Amma ƙofar, akwai linta ta kankare a samanta. Can dama da ƙyar motar take wucewa, tafin hannu ne tsakani. Duk wunin jiya mutum biyu suna ta kallon ƙasan mota, ba wanda ya ɗaga kai.

Ya kira makaniki a waya. Makaniki ya zo, ya dubi mota, ya dubi linta.

"Me ka yi min ke nan?" in ji gogan.

"Mota ka ce in ɗaga, yallaɓai. Ba mu yi maganar gida ba."

Sai ga hon daga waje. Maƙwabci ne, yana jiran gaisuwarsa.

"Je ki ce masa ina wanka."

Matar ta je ta dawo. "Ya ce ba komai, ka yi a tsanake. Zai kai yara makaranta, ya biya kasuwa, ya dawo."

Gogan ya yi ajiyar zuciya. Ya samu sarari. In dai motar ta fita kafin mutumin ya dawo, shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa. Ya kira mai gidan da yake haya.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar alfarma ce. Lintar gareji nake so a ɗan sassaƙe."

"A ɗan me?"

"Sassaƙe. Kaɗan."

"Ka taɓa min kankare, ka nemi gida." Mai gidan ya kashe waya.

Makaniki ya ce, "Mafi sauƙi, a kwance abin da aka ɗaura."

"Gara a cire min haƙori."

"To a sace iskar taya."

Aka sace. Manyan tayoyin nan sababbi fil suka yi laushi, suka baje a ƙasa. Makaniki ya hau kujera, ya auna da hannu.

"Saura yatsa huɗu."

"Yanzu fa?"

"Nauyi. In ta ji nauyi za ta zauna."

Nan fa gida ya rikice. Aka fara da buhunan hatsi na sito. Aka ɗora keken ɗinkin matar. Aka cika jarkoki da ruwa. Aka kinkimo firiza da abin da ke cikinta. Motar da ba ta taɓa sanin wahala ba, yau ta ga lodi.

"Saura yatsa biyu."

"A kawo katifa."

"Katifa ba ta da nauyi, Baban yara," in ji matar. "Hankali ne dai ba a kawo ba tukuna."

Bai kula ta ba. Ya ce ita ma ta hau. Ta hau, tana cewa ita dai yau ta ga ikon Allah. Aka hana yara zuwa makaranta, aka jera su a baya. Ƙannen matar biyu da suka zo gaisuwa, ko ruwa ba su sha ba aka cusa su a kujerar baya. Aka yi wa mai wanki da guga na layin magana, ya ajiye dutsen guga ya zo ya hau. Mai gadin gidan gaba ma ya zo, a zatonsa rabon wani abu ake yi.

"Saura yatsa ɗaya."

Gogan ya duba hagu, ya duba dama. Ba sauran abin ɗorawa. Sai idonsa ya faɗa kan tagar falo. Gwaggon matarsa na zaune a ciki. Ta zo ganin likita ne saboda ciwon gwiwa. Mace ce da Allah ya yi wa albarkar jiki, in ta zauna a kujerar mutum uku ba mai cewa a matsa masa.

"Kar ka soma," in ji matar.

Ya riga ya soma. Ya shiga falo ya durƙusa.

"Gwaggo, na ce ko za a ɗan zaga da ke a mota, ki sha iska?"

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun da na zo gidan nan ba wanda ya yi min wannan tunanin. Amma gwiwata ba za ta hau ba."

"Ba sai kin hau ba, Gwaggo. Hawar da ke za a yi."

Ƙarti huɗu suka sauko, suka ɗauke ta da kujerarta, suna nishi tana sa musu albarka. Suka dire ta a tsakiyar kaya, bayan firiza, suka koma mazauninsu. Motar ta yi wani irin kuka, ta durƙusa.

Makaniki ya zura hannu a sama. "Baya ya wuce. Gaba ne ya ɗan ɗaga."

"To me kake jira? Hau."

Makaniki ya kwanta rub da ciki a kan bonet, wato murfin injin, ya riƙe abin share gilashi.

Gogan ya tada mota. A hankali, a hankali. Rufi ya shafi linta, ya yi ƙiii, ya wuce. Tayoyi na faƙat-faƙat, jarkoki na ɓarin ruwa, yara na tafi, Gwaggo na ɗaga wa mutanen layi hannu. Mota ta fito waje, cikinta na kusan jan ƙasa.

"Maza a sauke komai," in ji gogan. "A kawo famfon iska. Ku yi sauri kafin..."

Bai rufe baki ba sai ga motar maƙwabci ta shawo kwana. Ta taho a natse. Ta tsaya daidai gefensa, taga da taga. Gilashi ya sauka. Maƙwabcin ya duba inda ya saba ganin mutum, bai ga kowa ba. Ya sunkuyo. Ya ƙara sunkuyowa, har sai da ya fito da kafaɗa.

"Au, maƙwabci, kana nan ashe. Tashi za ku yi?"

Gogan ya ɗaga wuya har hularsa ta faɗi baya. "A'a."

"To ga ni. Ina gaisuwar?"

"Ba ta nuna ba tukuna. Ka je ka dawo."

Maƙwabcin ya dubi tayoyin. Ya dubi makaniki a kan bonet. Ya gaida Gwaggo, ta amsa da fara'a. Sannan ya dawo da kallonsa ƙasa, tausayi ya cika masa fuska. Ya rage murya don kar yara su ji.

"Shawara ce ta ɗan'uwa, kar ka ji haushi. Motar nan taka ta zauna da yawa. Akwai wasu ƙarafa da ake sa wa mota ta yi sama, ka je ka nema. Amma kar ka tsaya wasa da ƙanana irin nawa, kai sai inci shida."