Ranar da Na Mai da Surukina Sa

Ba zan taɓa mantawa da rabon irin wake na Urafane ba, ko da kuwa mutanen garin sun manta (ba su manta ba).

Lokacin ban daɗe da dawowa daga karatun ordinater, wato kwamfuta, a Maradi ba, kaina ya kumbura. Koperatif, ƙungiyar manoman garin, ta ɗauke ni aiki, na ga Madam Hadiza, sakatariya, tana rubuta sunayen masu karɓar iri da hannu. Na ce wannan zamani ya wuce. Na rantse sai na rubuta program da zai haɗa sunayen duka cikin dogon rubutu guda, ya buga. Kwana huɗu ina kansa, har tuwo sai ya huce nake tunawa da shi.

"Ka gwada shi da sunayen duka?" in ji Madam.

"Na gwada da goma, ya yi."

"Goma hwa?"

"Madam, inji bai gajiya."

Abin da ban lura da shi ba, wurin da na ware ma rubutun haruffa dubu biyu kawai yake ɗauka. Kamar tiya ne: in ta cika, saura ƙasa yake zuba, kuma ba ya faɗa maka.

Ranar rabo an yi ruwan shuka, kowa na sauri. Na karɓi makurho da kaina (ba wanda ya roƙe ni), ina kira ana ɗaukar buhu. Na iso ƙarshen takarda, na ɗaga murya na karanta abin da na gani:

"Alhaji Sa!"

Can Alhaji Sani ya miƙe, mahaifin Rabi, wadda aka sa mana ranar aure da ita. Program ya yanke sunansa a tsakiya, ya haɗiye duk wanda ke bayansa, mutum sama da tamanin.

"Ni ne san, Malam?" ya ce a hankali.

Dariya ta ɓarke, sannan hayaniya. Wata tsohuwa ta ce tun daga ƙauye ta taho a ƙasa, ba ta komawa hannu wofi.

Na so in gudu, amma na ce wallahi ba a nan zan tsaya ba. Na durƙusa na ce, "Baba, a gahwarce ni, laihina ne." Na roƙi Madam littafinta, ta miƙo mani. Tana kira da shi, ni ina gindin itacen bedi ina gyara, na sa program ya riƙa buga suna ɗaya-ɗaya. Kafin la'asar takarda ta fito cikakkiya, muka gwada ta da littafin, kowa ya samu irinsa.

An ɗaura auren. Sai dai har yau in na je gaisuwa, Baba kan tambaya ko na zo da cikakken sunansa. Tun daga nan, duk abin da inji ya buga sai na fara duba ƙarshensa, kuma makurho na bar ma masu shi.