Ranar da Na Wanke wa Tsohuwa Ɗakinta

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyar da ƙungiyarmu ta mata manoman shinkafa ta Zurmi ta yi zuwa tsibirin Lombok na ƙasar Indunusiya. An kai mu wani ƙauyen ƙabilar Sasak, manoma ne Musulmi irinmu, a gindin dutsen nan mai aman wuta da Turawa ke wahalar da kansu wajen hawa.

Ni ce shugaba (kuma na sha leshina mai tsada don kowa ya san haka). Muna shiga gidan wata tsohuwa, hancina ya gaya mini labari. Kashin shanu ne ɗanye shar a tsakar ɗaki! Tausayinta ya kama ni, na ce a raina saniya ta yi ɓarna, baiwar Allah ba mai taya ta aiki. Innata kuwa ba ta haifi mai ganin ƙazanta ta zauna ba. Kafin tafintan da ke mana rakiya ya gama gaisuwa na ɗaure ɗamara, na sami ruwa da tsintsiya, na wanke ɗakin tas.

Sai na ga tsohuwa ta dafe kai. Tafinta ya matso ya ce, "Hajiya, da hannunta ta shafa kashin nan. Haka suke gyaran daɓe, yana hana ƙura da sauro. Gobe za a kawo amaryar jikanta ɗakin nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga abokiyar tafiyarmu Lantana 'yar Ƙauran Namoda tana ɗaukata a waya, dariya har da hawaye. Tsohuwa kuma ba ta da sauran kashin shanu, ga biki gobe.

Na ce a ba ni kwano. Na tsaya bayan saniyar gidan da leshina ina jira (saniyar ba ta san gaggawa ba). Da ta yi, na durƙusa na shafe ɗakin lungu-lungu, yadda kakata ke shafe kwandon hatsi a Gurbin Bore. Tsohuwa ta duba, ta shafa kaina.

Hoton ya riga ni isowa Zurmi. Su yi ta dariya, ko a jikina. Amarya dai a ɗakin da na gyara ta tare. Abu ɗaya na canza: yanzu in na je gidan mutane, sai na tambaya kafin in taɓa tsintsiya.