Gwanjon da Na Kai wa Mutanen Garin Kwal

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ja buhun gwanjo daga Bronx har Manhattan ba. Har yau idan na tuna, kunya ke rufe ni.

Lokacin ina aikin jinya a wani asibiti, tare da wata Baturiya mai suna Debbie, 'yar wani ƙauye a duwatsun Kentucky. Mahaifinta haƙar kwal ya yi har ƙura ta cinye masa huhu. Ta kan ba ni labarin yadda aka rufe ramukan kwal ɗin, samari suka watse, kantuna suka mutu. Rannan ta ce mutanen garinsu za su zo taro, in daure in leƙa. Ban tsaya tambayar wane irin taro ba ne (halina ke nan, rabin zance nake ji in ƙarasa sauran da kaina). Na yanke cewa neman taimako za su zo.

Na bi maƙwabta a Concourse Village ina tara tsofaffin kaya. Hajiya Ramatu, 'yar Kumasi da ke zaune a hawan da ke ƙasan namu, ta tambaye ni ko na tabbata Turawa na son kwancenmu. Na ce mata talauci ba ruwansa da launin fata, har da ɗaga murya kamar mai wa'azi.

Da na shiga zauren taron, sai na ga tebura a jere. Ga zuma daga amyar da suka kafa a kan filayen da aka gama haƙa. Ga barguna na haɗin ƙyalle, ɗinkin hannu, waɗanda mata ke yi a tsohuwar makarantar da suka gyara da kansu, suka ware aji guda ya zama ɗakin shan magani. Wani dattijo mai tari, tsohon mahaƙi, yana bayanin yadda yake koya wa matasa kafa sola. Masu kantunan birni suna zagayawa suna ciniki. Kasuwa mutanen nan suka zo nema.

Mai hankali da ya tura buhun nan bayan ƙofa. Ni kuwa na riga na hango Debbie da mahaifiyarta, wadda ita ce shugabar matan masu ɗinki. Na ja kayana har gabanta, na ce, "Mama, ga ɗan abin da muka tara, a raba wa mabuƙata."

Ina rufe baki zif ɗin buhun ya ɓalle. Singiletin maigidana mai huji ce ta fara faɗowa, sai safa wari guda, sai tsohon zanena na atamfa da ya sha miya. Debbie ta sunkuyar da kai, tana danne dariya.

Tsohuwar ta duƙa ta ɗauki zanen, ta murza shi a yatsunta kamar mai saye a kasuwar Kwari. Ta ce, "'Yata, mun daɗe muna karɓar kwance, shi ya sa muka koyi ɗinki. Amma wannan yadin yana da kyau. A ina ake samun sabonsa?"

Na kwatanta mata shagon wata 'yar Nijar a unguwar Morrisania. Ta sa Debbie ta riƙe kwatancen, sannan ta taya ni cusa singiletin cikin buhu ba tare da ta ko murmusa ba. Wannan kawaicin nata ya fi komai kashe min jiki.

Abin haushin, ni ce kullum mai mita idan aka nuna Afirka a talabijin ana raba mana tsumma. Yanzu idan aka ce min wasu na cikin wahala, sai na fara tambayar me suke sayarwa kafin in buɗe durowar maigida.