Rasuwar Alhaji Murfi, Mai Tsaron Bakin Darajin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoro wanda a gaskiya ya fi baƙin cikin yawa, ni Idris ɗan marigayi Maiturare, na unguwar Utaibiyya a nan Makka, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan kasuwa rasuwar Alhaji Murfi, wanda ya tsare bakin darajin saman gidanmu, wato matakalar bene, tun ina da gashi a ka. Ya cika ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, ana tsakiyar zafi, daidai lokacin da ba mu da wanda za mu dogara da shi sai Allah sai shi.

Ga wanda bai taɓa shiga gidanmu ba, bari in gabatar da marigayin. Gidan tsoho ne, hawa biyu. A ƙarshen darajin sama akwai kafa mai faɗin ƙofa, ta nan ake fita saman rufi, kuma a kanta mahaifinmu ya kafa ɗan ɗakin kwano don ajiye tarkace. Duk wanda ya san ranar Makka ya san abin da ɗakin kwano yake zama da azahar. Zafin da ya tara, ta wannan kafa iska take turo mana shi cikin gida, sanyin da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya sha wahala ya haɗa kuma ya bi iska. A zamanin muna yara, in ka tsaya a kan darajin nan sai ka rantse wani ne a sama yake hura maka murhu a ƙeya.

Mahaifiyarmu, Inna Kabira, ita ta kawo marigayin duniya. A shekarun da muke saukar da alhazai, da yawansu sukan tafi su bar tawul ɗin ihraminsu a rataye. Inna ta tara su, ta wanke, ta jera su hawa-hawa, ta cusa musu audugar tsohuwar katifa da soso a tsakani, ta ɗinke da basilla. Ta zagaye bakinsa da robar tayar mota don kada iska ta sami ko wurin zura yatsa, aka ɗora shi a kan katako daidai bakin kafar. Shi ya sa muke ce masa Alhaji. A duk zuriyarmu babu wanda ya tsaya Arfa sau da yawa kamarsa, ko da yake a jikin mutane daban-daban ya yi tsayuwar.

Marigayin mutumin kirki ne, mai kawaici, marar son a san da shi. Bayansa yana gasuwa a wuta, cikinsa yana ba mu sanyi, bai taɓa kawo ƙara ba. Tun zuwansa mahaifinmu ya daina neman kujera kafin ya buɗe fatura, wato takardar kuɗin wuta. A 'yan makonnin sanyin da muke samu, lokacin da mutanen Makka suke fito da rigunan sanyi kamar an kai su wata ƙasa, shi ne ya hana iskar duwatsu sauko wa Inna a gwiwa. Ba ya cin wuta, ba ya neman mai gyara, ba shi da waya balle ta ƙone. Ni da na girma tare da shi, ban kai rabin amfaninsa a gidan nan ba, kuma matata Jawahir a shirye take ta ba da shaida.

Ba mai yawan magana ba ne. In an sauke shi bayan an kwaso shanya yakan ce "fuf", kamar dattijon da ya sami tabarma bayan doguwar tafiya. In iska ta matsa masa daga sama yakan yi wani "huum" can ƙasa-ƙasa, ya ɗan kumbura, ya koma. Iyakar abin da muka ji daga bakinsa ke nan sai ranar ƙarshe.

Ciwon ajalinsa ya fara ne bara, da gilashin tagar ɗakin kwanon ya fashe, na ce gobe zan gyara. Kafin goben ta zo tattabaru sun gano wurin. Suka ga shimfiɗa mai laushi, a inuwa, babu kuɗin haya. Na hau da tsintsiya. Ban kai ga ɗaga hannu ba na ji muryar Inna daga ƙasa: "Idrisu, tattabarar Makka za ka ɗaga wa tsintsiya? A gidana?" Na sauko da tsintsiyar a bayana, na ce shara na je yi.

Na gayyato maƙwabcinmu Malam Luƙman, ɗan Zariya da ke karatun fiƙihu a nan, ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce tsuntsun cikin hurumin Makka ba a kashe shi, ba a ma firgita shi. Wanda ya kashe tattabarar nan tunkiya ce a kansa, ƙwanta ma da nasa hukuncin. Sai ya ce, "Amma fa, Hajiya, in ta kai ga cutar da masu gida, malamai suna da magana a kai, bari in duba..." Inna ta ce, "Malam, ka sha shayinka, ya fara hucewa." Ni dai tunkiyar na ji. Ita kuwa ko "amma" ɗin ba ta bari ya shiga gidan ba.

Daga nan aka shiga jinya. Tattabaru suka riƙa zare masa auduga tsinke-tsinke, kashinsu yana cin yadin, nauyinsu yana lotsa tsakiyarsa. Ni kuma ina tallafarsa ta ƙasa da kwali da salatif, kamar mai ɗaure karaya da zaren ɗinki. Maƙwabta sun sha ganina, mutum da furfura a gemu, ina hawa darajin gidan ubana da sanɗa, ina yi wa tsuntsaye sallama don kada su razana. Sau ɗaya atishawa ta ƙwace mini, uku suka tashi fur, na wuni ina lissafin ko na shiga hurumin tunkiya. Malam Luƙman ya ce ban shiga ba, amma ya ɗan yi jim kafin ya faɗa, kuma wannan jim ɗin bai bar ni ba har yau.

Ranar Talata muna cin abinci sai muka ji wani dogon "ƙiii" daga sama. Cikinsa ya yage daga wannan baki zuwa wancan. Auduga da gashin tsuntsu da ƙura suka zubo a kan daraji, sai wata iska ta biyo baya, irin wadda take dukan fuska in an buɗe tanderun gidan burodi. Kusurwarsa ɗaya ce ta rage maƙale a katako. A kan wannan kusurwa akwai sheƙa, a cikin sheƙar akwai ƙwai biyu, uwar tana kai tana kallona.

Marigayin ya bar mukayyif ɗin ɗakin Inna, tsoho irin na taga, wanda tun ranar Talata yake tari da kakari yana zubar da ruwa a bango, kuma masu ganinsa sun ce in yi haƙuri in shirya. Ya bar fanka guda mai juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya bar labule da barguna da na rataya a bakin daraji, waɗanda suka nuna niyya mai kyau amma ba su gaji halinsa ba. Ya bar fatura mai zuwa, wadda ba na son a ambace ta a wurin makoki.

Ya kuma bar Inna, kuma a nan wasa yake ƙare mini. Ɗakinta ne a gindin darajin. Tana da ciwon zuciya, likita ya ce zafi ba abokin zamanta ba ne. Na roƙe ta ta sauko hawan ƙasa, ta ce gwiwarta ta yi sallama da daraji, kuma ba za a ɗauke ta a kujera kamar kayan ɗaki ba. Yayata Haifa, wadda ke unguwar Shisha a sabon gida mai lif da sanyi har cikin banɗaki, ta daɗe tana cewa, "Idris, ranar da na shigo na tarar da Inna tana gumi, a ranar zan tafi da ita, kai kuma ka zauna da tsuntsayenka." Inna kuwa amsarta ɗaya ce tun rasuwar mahaifinmu: amarya aka kawo ta gidan nan, kuma in ta fita sai dai zuwa maƙabartar Ma'ala.

Don haka ina tsoron Yaya Haifa, ina tsoron Inna, ina tsoron tattabara. Duk waɗannan tsoro ne da na saba da su, muna zaman lafiya. Sabon shi ne na jiya. Bayan azahar na kai mata ruwa, na tarar da ita a zaune, ɗankwalinta ya jiƙe, numfashinta gajere. Ta karɓi kofin, ta dube ni ta ce, "Maiturare, ka dawo da wuri." Mahaifinmu ya daɗe a ƙasa. Sai da ta sha ruwan, muka shafa mata tawul mai sanyi, sannan ta gane ni, ta kuma tambaye ni me ya sa na tsaya mata a ka kamar mai bin bashi.

Na kawo mai aikin alminiyum. Ya auna kafar, ya ce zai haɗa murfi mai soso a ciki da roba a baki, a wuni ɗaya ya kafa, sai dai dole a cire tsohon katakon. Ya leƙa sama, ya ga ƙwan, ya naɗe abin awonsa ya sauko a hankali. Ya ce, "Baffa, in sun tashi ka kira ni." Shi ma a garin nan aka haife shi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, domin in ruwa ya taɓa shi babu abin da zai rage a ɗauka. Ba za a yi masa salla ba. Malam Luƙman ya roƙi in rubuta wannan a fili, kuma in cire sunansa daga duk wata magana da ta shafi hakan. Gawa za ta ci gaba da zama a inda take har ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su yi gashi su tashi don kansu. Masana sun ce abin zai haura wata, uwar kuma ba ta yi mana alkawarin ba za ta sake zubawa ba. Za a sanar da ranar ɗaukarsa in tsuntsaye sun ba da izini.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan la'asar. Kada a shigo fiye da mutum biyu a lokaci guda, jikin ɗan Adam zafi gare shi. A rage murya a kan daraji. Kada a kawo hatsi.

Sanarwa ta ƙarshe. Ranar Juma'a bayan la'asar Yaya Haifa za ta zo da mota da kujerar ɗaukar marar lafiya. Ba ita ta gano ba, ni na kira ta, jiya, daga bakin titi inda ba za a ji ni ba. Inna ba ta sani ba tukuna, kuma wanda ya zo gaisuwa kada ya riga ni. Zan gaya mata da bakina ranar Alhamis bayan magariba. Duk mai ƙaunar marigayin, kuma yana ganin Inna tana jin nauyinsa, ina roƙonsa don Allah ya zo ya zauna kusa da ni. Ba sai ya ce komai ba.