Ƙararrawar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Agiye ɗauko matata daga wankan jego. Har yau in akuya ta yi kuka kusa da ni, sai gabana ya faɗi.

Ni mai gyaran rediyo ne a Gazawa. Ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba ni hannu, ya kuma haɗa mini da wani ciwo: ba na iya jin abu yana ƙara ba daidai ba in ƙyale shi. (Matata Hadiza ta ce ko tari mutum ya yi kusa da ni, sai na laluba aljihu neman turnabis, abin kwance ƙusa.)

Haihuwar fari ce, don haka tana gidan ubanta, Malam Idi, hannun goggonta, da yake uwarta ta daɗe da rasuwa. Malam Idi mai buga wa mutane takardu ne da tsohon keken rubutu, gindin dogon yaro, gaban buro, wato ofishin magajin gari. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba. Na san akwai kunyar surukai, amma tasa ta yi tsawo. Na ƙudura a raina yau sai ya san ba a banza ya ba ni 'ya ba, ya sallame mu da fara'a.

Na same shi wurin aikinsa, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Yana aiki ina saurare. Duk sanda ya kai ƙarshen layi, ƙararrawar keken sai ta ce "tak", kamar an ƙwanƙwasa fasasshiyar ƙwarya. Hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Aka kira azahar, ya miƙe ya ce, "Tsare mini keken. In na dawo sai ka je gida wurin mai jego."

Yana juya baya na zaro turnabis. Illa mai shayi, maƙwabcinsa, ya ce, "Mai gyara, ka rufa wa kanka asiri. Keken nan ko ƙuda sai ya yi sallama yake sauka kansa."

Na ce, "Kai dai ka ji da butarka."

Na buɗe bayan keken. Ga ƙararrawar nan kamar ɗan ƙoƙo, a cikinta an cusa wani ƙullin tsumma da ya yi baƙi, an naɗe shi da zare. Na ce a raina, ɓarnar ɓera ce. Na zaƙulo shi na wurgar ta bayana. Na goge tsatsa da kalanzir, na ɗan lanƙwasa gudumar da ke bugunta, na gwada: "kililin!" Wallahi har tsigar jikina ta tashi don daɗi. Da na waiga, ga wata jar akuya tana taunar ƙullin. (Allah ya yafe mini, har cewa na yi, "Ci, rabonki ne.")

Malam Idi ya dawo, ya zauna, ya ci gaba da bugu. Ni kuwa na gyara zaman hula ina jiran albarka. Ya kai ƙarshen layi. Kililin!

Hannuwansa suka tsaya a sama.

"Wa ya taɓa keken nan?"

"Ni ne, Baba. Wani datti ne ya toshe ta, na fitar."

"Ina dattin?"

Na nuna akuya. Tana lasar baki.

Ya cire tabarau a hankali. Ya ce, "Cibiyar matarka ce." (Ba ya kiran sunanta, 'yar fari ce.) "Ranar da ta faɗi, uwarta ta ƙulle ta da hannunta, ta ce keken nan ke ciyar da gida, a nan za ta ajiye, don kada yarinyar ta rasa abinci a duniya. Tun da ta rasu, duk ƙarshen layi in na ji 'tak', sai in yi mata addu'a."

Innalillahi! Ban san sanda na zabura ba. Ni da sabuwar shadda, ba takalmi, na bi akuya cikin kasuwa. Ta bi ta tsakanin masu tattasai, na bi. Ta tsallake tabarmar mai gishiri, ni na faɗa ciki. Wani jandarma yana kallo, dariya ta hana shi tsai da ni. Da na cafke ta na cusa hannu a bakinta, sai mai ita, wata Bafulatana mai nono, ta kwarma ihu, "Ɓarawo! Yana shaƙe mini akuya!" Na fito da yatsa yana jini, da guntun zare. Shi ke nan abin da ya rage.

Na dawo na ajiye zaren gabansa. Ya lulluɓe keken da mayafi, ya bar masu jiran takardu, ya tafi gida da shi. Illa ya ce, "To, mai gyara, ka gyara."

A gidan nasa na faɗa wa Hadiza, kaina a ƙasa. Ta yi kuka, ta zage ni daidai gwargwado, kuma na cancanta. Can sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan busasshen abu.

"Ta ɗanka ce. Kai wa Baba, da hannunka. In ya kore ka, ka koma Gazawa kai kaɗai."

Na same shi a zaure, na durƙusa na miƙa. Ya daɗe yana kallon cibiyar jikansa. Sannan ya turo keken gabana ya ce, "Kai ne mai gyara. Mai da ita yadda take."

Na naɗe ta a tsumma, na ɗaure da zaren nan na bakin akuya, bayan na wanke shi. Na cusa a ƙararrawar. Ya ja keken har ƙarshe.

"Tak."

Ya ce, "Yauwa. Yanzu ka yi gyara. Gobe ku tafi."

Shi ya sa mutanen Gazawa ke cewa na fara taɓuwa. Duk wanda ya kawo mini rediyo, kafin in kwance ko ƙusa ɗaya, sai na dube shi na tambaya: "Tsakaninka da Allah, akwai ajiyar wani a ciki?"