Man Shanu a Sandar Malam

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Malam Garba ba, Allah Ya jiƙansa. Muna aji huɗu a sakandare ta Abuja, tsohuwar Abuja da ta koma Suleja, shi ke koya mana kurket, wasan Turawa da ake dukan ƙwallo da faffaɗar sanda. A ƙuruciyarsa ya buga wa Arewa har Legas, kuma sandar da ya buga da ita tana nan, yana tarairayarta kamar jaririya.

Za a zaɓi mutum goma sha ɗaya su je wasa Kaduna, ni kuwa ina na goma sha biyu. Ana gobe zaɓe sai ya miƙo mini sandar, ya ce in shafe fuskarta da man Turawan nan na gwangwani. Na duba gwangwani, ya ƙafe. Maimakon in koma in faɗa, sai wayo ya taso mini (ni a dole mai hikima). Na sayi man shanu sabo fil wurin wata Bafulatana, na mulke ta sama da ƙasa, har mariƙi.

Washegari, ga shugaban makaranta ga baƙi daga lardi, Malam ya fito zai nuna mana bugu. Aka jefo ƙwallo, ya kai mata duka. Ƙwallo ta wuce abinta, sanda kuwa ta suɓuce ta tashi sama, ba ta dire ko'ina ba sai tsakiyar shanun da ke kiwo a bakin fili. Wata saniya ta dinga lasarta. Makiyayin shanun ya kawo sandar yana sansanawa.

"Malam, ai wannan man rugarmu ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya dube ni sau ɗaya, ya ce wa baƙi tsufa ne ya fara kama hannunsa. Da yamma na ga sunana a jerin masu tafiya. Ya ce mai son sanda haka ba a barinsa a gida.

Bayan shekaru, yana sakataren ƙungiyar kurket, ya rubuta tarihin wasan a Arewa. Na bi shafi-shafi ina duba ko ya tona asirina. Sunana na ciki, man shanu babu. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tun daga ranar man shanun nan, in zan yi wa mutum alheri, sai na fara tambayarsa ko zai iya ɗauka.