Faifai Na Arba'in da Bakwai

Shekarar da fetur ya gagari kowa, na kasa zaune na kasa tsaye sai da na sa wa kwamfutar shagona na bidiyo a Batsari manhajar da ke tuna abin da ke cikin kowane faifai. Na yi ta cusa mata faya-fayan bukukuwan mutane, ina cika baki.

Ran kasuwa wani dattijo ya zo daga Tsaskiya neman bidiyon walimar ɗansa.

Na ce, "Baba, kafin ka zauna an gama."

Kwamfuta ta ce faifai na arba'in da bakwai. Na juya ga kwalin faya-fayai, duk farare tas. Ashe ban rubuta lamba a kan ko ɗaya ba.

Dattijon ya ce, "Yaro, tambaye ta wanne ne mana."

Har yau 'yan acaba in sun hango ni sai su ce, "Arba'in da Bakwai, an gano?"